Ƙungiyoyin sa kai da gwamnati bayan korona

Malama, kin tambaya ko dangantakar ƙungiyoyinmu da gwamnati a Bauchi ta gyaru bayan korona. A ganina ta gyaru ta fuska ɗaya kawai.

Lokacin da aka rufe ƙananan hukumomin Katagum, Giade da Zaki a watan Mayun 2020, ƙungiyoyin unguwa da na mata ne suka riƙa shiga gida-gida da bokitin wanke hannu da sabulu, suna lallashin mutanen da ba su yarda akwai cutar ba. Gwamnati ta ga amfaninsu, shi ya sa har yau ake neman su idan za a yi rigakafi.

Amma ki tambayi jami'an gwamnati yadda aka kashe kuɗin tallafin korona, nan take fuskarsu za ta canza. Ga kuma dokar kamfanoni ta 2020, wadda a lokacin da aka kafa ta, sashe na 839 nata ya ba hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ikon dakatar da amintattun ƙungiya, wato waɗanda aka yi rajistar ƙungiyar da sunayensu. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin ya sa wasu sun ja bakinsu sun yi shiru.

Shawarata ga ƙungiyoyinmu ita ce: ku yi rajista, ku tsaftace lissafin kuɗinku, sannan duk bayanin da kuke nema daga ma'aikata ku nema a rubuce, ku ajiye kwafi mai hatimin karɓa.