Kafin Goggo ta sayar da filin Rigachikun

Ƙanena, assalamu alaikum. Saƙon muryarka ya same ni muna tsakiyar teku, sai shekaranjiya da muka tsaya a tasha na samu intanet mai ƙarfin da na saurare shi har ƙarshe. Ka ce wani mai ofis a wajen titin Ahmadu Bello ya yi maka alkawarin aiki a jirgin ruwa na masu yawon shaƙatawa, albashi dala 2,500 a wata, ci da kwana kyauta, amma sai ka kawo naira miliyan biyu. Ka ce Goggo ta amince ta sayar da filinta na Rigachikun, kana neman shawarata. Na rubuto a fili ne don na san ba kai kaɗai ake yi wa wannan romon baka a Kaduna ba.

Don girman Allah, yau ɗin nan ka je ka ce wa Goggo ta dakata. Aikin jirgi gaskiya ne, ga ni a ciki, kwantiragina na huɗu ke nan. Amma ba a sayen sa. Akwai yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan ma'aikatan jiragen ruwa, wadda muke kira MLC, ta shekarar 2006. Ta fara aiki a 2013, kuma Najeriya ta amince da ita a wannan shekarar. A ciki an hana kamfanin ɗaukar ma'aikata karɓar kuɗi a hannunka don ya sama maka aiki. Mai jirgi ne ke biyan sa. Abin da zai fita daga aljihunka shi ne kuɗin fasfo, da na gwajin lafiya, da na littafin ma'aikacin jirgi. Ko kuɗin biza a wuyan mai jirgi yake, duk da sau da yawa kai za ka fara biya, su mayar maka bayan ka hau. To miliyan biyun nan na mene ne? Ka tambaye shi sunan kamfanin jirgin, ka shiga shafin kamfanin da kanka, ka duba ko yana cikin ejan-ejan da suka amince da su. In ya fara kame-kame, ka san inda aka dosa.

Sai maganar dala 2,500. Akwai masu samun haka, har da fiye. Amma ba sabon shiga ba, ba kuma wanda zai fara daga inda ni da kai za mu fara ba. Ni a kicin na fara, wurin wanke tukwane, kuma abin da ke shiga asusuna a wata bai wuce dala 700 da 'yan kai ba. Don ka samu ma'auni: mafi ƙarancin albashin da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar a biya ƙwararren ma'aikacin jirgin ruwa a 2025 dala 673 ne a wata, kafin a ƙara kuɗin obataim. Waɗanda aljihunsu ke nauyi su ne masu gyaran ɗakunan baƙi da masu kai abinci tebur, saboda tukwici. Kamfanoni da yawa suna cajin kowane fasinja wasu daloli a kullum da sunan tukwici, a raba wa ma'aikata. Shi ya sa kuɗinsu yake hawa yana sauka: jirgi ya cika, wata ya yi kyau, baƙi suka yi ƙorafi a kanka, a rage maka ɗakuna ko tebura. Kafin ka kai wannan matsayi, sai ka yi kwantiragi ɗaya ko biyu kana goge-goge.

Na san in ka juya dala 700 zuwa naira za ka ga ta fi albashin manyan ma'aikata da yawa a Kaduna, kuma ba ka biyan haya, ba ka cefane, ba ka shiga Keke Napep. Haka ne, kuma da wannan kuɗi na yi wa gidanmu rufi, na biya wa ƙannenmu makaranta, alhamdu lillahi. Sai dai ka yi lissafin yadda ya kamata. Kwantiragi wata shida ne zuwa tara. In ya ƙare ka dawo gida wata biyu, wani lokaci uku, kana jiran a kira ka, kuma a watannin nan ba abin da ke shigowa. Albashin wata takwas ne zai riƙe ka wata goma ko sha ɗaya. Sannan ba tabbas za a sake kiran ka. Waɗanda korona ta ritsa da su a 2020, lokacin da Amurka ta hana jirage tashi a watan Maris, sun ba ni labarin yadda suka yi watanni a kan ruwa ba halin sauka, da suka koma gida kuma wasu suka shekara ba aiki.

Abin da mai ofis ɗin nan ba zai gaya maka ba shi ne, a jirgi babu ranar hutu. Babu Juma'a, babu Lahadi, babu Sallah ƙarama balle babba. Daga ranar da ka hau har ranar da ka sauka, kullum aiki, awa goma zuwa sha biyu. Doka ta ce a ba ka hutun aƙalla awa 10 a cikin kowace 24, da awa 77 a mako, amma an yarda a raba hutun gida biyu, ɗaya kada ya gaza awa 6. Ka ga za ka iya tashi aiki ƙarfe sha biyun dare, ka koma shida da rabi na safe, sauran a ba ka da rana. A kwantiragi da yawa an riga an cusa kuɗin obataim cikin albashin, don haka adadin da ka gani shi ne duka.

Bari in nuna maka dare ɗaya. Hukumar lafiya ta Amurka tana shigowa jirgi ba sanarwa ta duba tsafta, ta ba da maki cikin 100, kuma 85 faɗuwa ce. Duk daren da za mu shiga tashar Amurka, bayan an sallami baƙi dubu uku ko huɗu daga cin abinci, sai mu kwance injinan kicin ɗaya bayan ɗaya. Bokiti uku a gabanka: na sabulu, na ɗauraya, na maganin kashe ƙwayoyin cuta. Shugaban sashe yana bi da tocila, yana haska ƙarƙashin kanta, yana shafa yatsa a lungu. Ya ga maiƙo, a sake daga farko. Watana na farko fatar hannuna ta tsattsage kamar ta mai wanki a hunturu, ƙafafuna suka kumbura har takalmin aiki ya ƙi shiga. Ga jirin teku, ni da ban san wani ruwa ba sai kogin Kaduna daga kan gada. Na yi kuka a banɗaki, ba sau ɗaya ba.

Ɗakin kwana kuwa can ƙasa yake, babu taga. Mu biyu, gado mai hawa biyu, in ɗaya yana sa kaya sai ɗaya ya hau gado ya ba shi wuri. Tsakanin gadon da ƙofa nake shimfiɗa darduma. Alƙibla ma sai ka duba waya kowace salla, don jirgi yana juyawa. Allah ya haɗa ni da 'yan Indonesiya, waɗanda suke da yawa a wannan aiki tare da 'yan Filifin da Indiya. Su suka nuna mini inda ake haɗuwa a yi jam'i in lokaci ya ba da dama, kuma da azumi su ke ajiye mini abin buɗa baki in magariba ta same ni a bakin tukunya. Ka kuma sani tun yanzu, jiragen nan da giya suke cin riba sosai, kuma ana dafa naman alade kullum. In aka sa ka a mashaya ko ɗakin cin abinci, sai ka ɗauka da hannunka. Ka zauna da malaminka ka tambaya tun kana gida, ka nemi sashen da zuciyarka za ta natsu da shi, kamar wanki da guga ko sharar farfajiya. In ka riga ka sa hannu, canjin sashe yana da wuya.

Wanda ya fi ci mini rai ban taɓa gaya maka ba. Ranar da Kawu ya rasu muna kwana biyu tsakanin tasha da tasha. Kafin saƙo ya shigo wayata an yi jana'iza, an dawo daga maƙabarta, har an fara zaman makoki. Na karanta, na wanke fuska, na koma kan tukwane, don baƙi suna jiran abincin dare. Kai ne babba a ɗakin Goggo. Ka auna wannan da kyau.

In duk da haka ka ji za ka iya, ba zan hana ka ba, zan ma taimaka. Shekara biyun da ka yi a otal ita ce jarinka, ka karɓi takardar shaida daga wurinsu, ka kuma gyara Turancinka na magana, don ganawar da shi ake yi. Za ka buƙaci horon kare kai a teku, wanda ake kira STCW: kashe gobara, agajin gaggawa, da yadda ake tsira in jirgi ya samu matsala. Ka yi shi a makarantar da hukumar NIMASA, mai kula da harkokin jiragen ruwa a Najeriya, ta amince da ita, kuma ka tambaya kafin ka biya. A wurin horon za a sa ka faɗa ruwa da rigar ceto, don haka ka fara sabawa da ruwa tun yanzu. Katin rigakafin cutar shawara ma ka tanade shi. Jirgin da ke shiga Amurka sai da biza mai suna C1/D, kuma ofishin jakadanci ne kaɗai ke bayarwa ko ya hana, ba wani ejan da zai lamunce maka ita. Bizar aiki a jirgi ce kawai. Masu sauka a birnin Mayami na Amurka su ɓace suna jefa kansu cikin wahala, suna kuma toshe wa na baya hanya.

Kwantiragi kuma kada ka sa masa hannu a tsaye. Doka ta ba ka damar karantawa da neman shawara. Ka duba ainihin albashi nawa ne ban da tukwici, awa nawa ya ƙunsa, wa zai biya tikitin zuwa, da abin da zai faru in ka yi rashin lafiya. Tikitin dawowa bayan ka kammala a kan kamfani yake. Ka duba tutar da jirgin ke ɗauke da ita, don yawancinsu a Bahamas, Panama ko Malta aka yi musu rajista, kuma dokar can ce ke kanka, ko da ofishin kamfanin yana Amurka. In an danne maka haƙƙi, ƙungiyar ma'aikatan sufuri ta duniya, wato ITF, tana da jami'ai a manyan tashoshi, kuma ana kai musu kuka.

Duk takardar da mutumin nan ya ba ka, ka ɗauki hotonta ka turo mini, shafi-shafi, har da ƙananan rubutun ƙasa. Ranar Asabar za mu tsaya a tasha, ina da awa uku, zan kira ka wajen la'asar ɗinku. Ka kasance kusa da Goggo, ina so in yi mata bayani da bakina. Ka gaishe ta, ka gai da su Hajiya da yara.