Agogunan marigayi: a fara yi musu kuɗi

Malam, Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Ka ce ya bar agoguna uku, kana son riƙe wanda ya fi ɗaurawa, amma kana gudun ƙannenka su ga ka yi babakere.

Agogo dai gado ne, komai araharsa. Kada ka ɗauka a ɓoye. Ku kai wa mai gyaran agogo a Babbar Kasuwar Katsina ya yi musu kuɗi a gaban kowa, sai a cire daga rabonka. In manyan sun yafe maka da bakinsu, falillahil hamdu, amma haƙƙin ƙaramin yaro ba a yafe masa shi.

Haka na yi da Seiko 5 ɗin mahaifinmu, tsarabar Makka. Gilashin duk ya karce, madaurin ya yi mini yawa, na hana a rage shi, don awon hannunsa ne. Ba ya cin batir, motsin hannu ke tafiyar da shi. Kwana biyu a durowa ya tsaya cak. Duk Juma'a nakan girgiza shi, in saita, in ɗaura zuwa masallaci.

Masu batir kuwa, ciro batirin kafin ka adana. In ya daɗe yakan yi yoyo ya cinye injin.