Ka bar shi ya gan ta kafin a ɗauke ta

Ɗan'uwa, Allah ya ba ka haƙurin wannan hukunci mai nauyi. Ka ce likitan dabbobi ya tabbatar maka tsohuwar goɗiyarka ba za ta warke daga ciwon ƙafar da take fama da shi ba, har kun sa ranar da za a yi mata allurar da za ta kawo ƙarshen wahalarta, kuma kana tambaya ko ya dace dokin da suka shekara goma tare ya ga gawarta, da yadda za ka kula da shi bayan ta tafi. Na shiga irin wannan hali sau biyu, kuma a karon farko na yi kuskuren da ba na so ka maimaita.

A wancan karon na sa aka fitar da marar lafiyan daga barga aka kai shi nesa, a tunanina ina tausaya wa akawal ɗin, wato baƙin dokin, da ya rage. Kwana huɗu ya yi yana kai da kawo a bakin shinge, yana haniniya har muryarsa ta dushe, kuma duk motsin da ya ji a ƙofa sai ya ɗaga kai ya kafa kunnuwa. Doki dabbar garke ne, rabuwa da abokin zama a wurinsa haɗari ne, don haka muddin bai san inda ɗan'uwansa ya shiga ba, nemansa zai ci gaba da yi.

Da aka zo kan goɗiyata bayan wasu shekaru, sai na canza. Lokacin allurar na sa aka riƙe abokin zamanta a bayan shinge, inda yake hango ta amma ba zai iya isowa ba, domin doki yakan faɗi da ƙarfi idan maganin ya kama shi, kuma wanda ya firgita zai iya raunata likita ko mai riƙon ragama. Ka sani cewa bayan faɗuwar jikin yakan ɗan motsa, wani lokaci har da jan numfashi mai ƙarfi sau ɗaya ko biyu, alhali dabbar ta riga ta fita hayyacinta. Wannan yana tayar da hankalin mai kallo, amma ba alamar azaba ba ce. Sai da likita ya saurari zuciya ya tabbatar ta tsaya, sannan na saki dokin. Ya matso a hankali, ya shinshina hancinta da wuyanta, ya taɓa ta da kofato sau biyu, ya ja da baya ya yi huci, ya sake dawowa. Bayan kamar minti 40 ya juya ya fara cin ciyawa kusa da ita, kuma a lokacin ne na bari aka ɗauke ta. Kada ka ja shi zuwa wurin da ƙarfi, kada kuma ka hanzarta shi. Wani doki kallo ɗaya zai yi ya wuce, wannan ma ya wadatar. Ka dai tsare karnuka, domin maganin allurar yana zama a cikin naman, kuma yana iya kashe duk dabbar da ta ci.

Ba zan ce maka ganin gawar ya hana shi kewa ba. Ya yi kira da yamma na kwana biyu, amma bai yi wannan gudun neman ba.

Abin da ya fi damuna a makonnin farko shi ne cikinsa, fiye da kukansa. Tumbin doki yana fitar da ruwan tsami dare da rana, ko da abinci ko babu, shi ya sa wanda ya daina ci yake saurin samun gyambon ciki. Ka bar busasshiyar ciyawa a gabansa koyaushe, kada ka ƙara masa hatsi don lallashi, kuma kada ka sauya masa abinci ko lokacin ci. Ka riƙa ba shi ruwa a bokiti domin ka san abin da ya sha, tunda babban doki yakan sha lita 25 zuwa 50 a yini. Ka duba yawan kashinsa kowace safiya. Idan ka ga yana tonon ƙasa da ƙafa, yana waiwayen cikinsa, yana birgima, ko ya wuni bai taɓa abinci ba, ka kira likita a ranar. Da jaki ne ko ƙaramin doki mai ƙiba, da na ce kada ma ka jira yini guda, domin su idan suka daina ci kitse yakan malala cikin jininsu, kuma hakan yana kisa.

Akwai kuma batun barci, wanda mutane da yawa ba sa lura da shi. Doki yana gyangyaɗi a tsaye, amma barci mai nauyi sai ya kwanta, kuma da yawansu ba sa yarda su kwanta sai akwai wani a tsaye yana gadi. Idan ka shafe kwanaki ba ka ga ƙura ko ciyawa a gefen jikinsa ba, ko ka ga ƙujewa a gaban gwiwoyinsa, to mai yiwuwa ba ya kwanciya, har barci yana kayar da shi a tsaye.

Saboda haka ban yarda a bar shi shi kaɗai na dogon lokaci ba. Goge masa jiki da fita da shi kilisa suna taimakawa ƙwarai, kuma ni kaina sun taimake ni, amma mutum ba ya kwana a barga. Idan za ka iya aron doki mai sanyin hali tun kafin ranar, ka ajiye shi inda za su riƙa ganin juna, wannan ya fi. Baƙon doki a ware shi mako biyu zuwa uku saboda cututtuka masu yaɗuwa, sannan su saba ta kan shinge kafin a haɗa su a fili mai faɗi inda wanda aka kora zai sami wurin gudu. Nawa bai kula sabon abokinsa ba sai a mako na uku, ranar da na tarar da shi kwance da hantsi, ɗayan kuma yana tsaye a kansa.