Ƙasata ta yi fari kamar an yayyafa kanwa, wane taki zan saya wa sanfulawa?

Wani mai noman rani daga Dadin Kowa ya rubuto, ya ce bana ya shuka sanfulawa, wato furen rana da ake matse mai daga 'ya'yansa, amma bakin ganyen sai ƙonewa yake, ga ƙasa ta yi fari-fari in ta bushe. Ya zuba kamfa, wato takin NPK, buhu biyu ba canji, shin ya ƙara kamfa ne ko ya koma yuriya?

To Malam, tsaya tukuna, kar ka sake kai kuɗinka shagon taki. Wannan farin da kake gani gishiri ne, ruwan ban-ruwa ke kawo shi, rana ta ƙone ruwan ta bar shi a sama. Kuma in gishiri ya yi yawa saiwa ba ta iya jan ruwa ko da ƙasar a jiƙe take sharkaf, sannan sodiyam ɗin cikinsa yana tare wa fotash da kalsiyam hanya, shi kuma kulorayid ɗin gishirin yana gasa da naitret, wato naitrojin ɗin da shuka ke sha, wajen shiga saiwa. Abinci na nan a gaban shukar, ci ne ya gagara. Takin zamani kuwa shi kansa dangin gishiri ne, musamman fotash ɗin da ke cikin yawancin kamfa wanda da kulorayid yake zuwa, ka ga kenan ana kukan targaɗe ga karaya.

Sa'arka ɗaya, sanfulawa tana da ɗan juriya, ta fi masara nesa, lokacin tsiro ne dai take da rauni.

In dole sai ka saya, ni yuriya zan ce, naitrojin kashi 46 cikin 100 gare ta, amma ka raba ta gida biyu ko uku kuma ka binne, don Allah kar ka watsa a sama, ƙasa mai kanwa iska take mayar da ita, kuɗinka ya bi rana. In ka samu amoniyam salfet, mai kashi 21, ya fi dacewa da irin ƙasarka tunda yana rage kaifin kanwar ga kuma salfa da shuka mai ba da mai ke so, sai dai ba kowane dila ke ajiye shi ba. Kuma kar a cika hannu, naitrojin in ya yi yawa man da ke cikin 'ya'yan raguwa yake.

Ragowar kuɗin kamfar nan ka nemi jifsam, wani farin ma'adini ne mai laushi, ai a jiharmu ta Gombe ma ana haƙo shi wajen Nafaɗa, kalsiyam ɗinsa ke ture sodiyam, sai ka yi ban-ruwa mai yawa ya wanke shi ƙasa, amma fa sai ka fara gyara magudana, in ruwa na kwanciya aikin banza ne. Ka haɗa da takin shanu ruɓaɓɓe.

Shuka ta gaba kuma ka leƙa kunyarka da rana tsaka, za ka ga farin a ƙololuwa ya fi taruwa, to ka sa irin a gefen kunya kusa da inda ruwa ke bi.