Daga Bronx zuwa mayankar Kansas: albashin karkarar Amurka ya kai a yi masa ƙaura?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena yana zaune a unguwar Bronx ta birnin New York, yana aikin jido a wani sito, ana biyansa mafi ƙarancin albashi. Kwanan nan ya bugo waya ya ce zai tattara ya koma wani gari wai shi Garden City a jihar Kansas, don an yi masa alkawarin dala 21 a awa a kamfanin yanka shanu. Shi ke ɗauke da nauyin mahaifiyarmu. Ni dai a sanina daga ƙauye ake tafiya birni neman kuɗi. Da gaske akwai aiki da albashin kirki a karkarar Amurka? Wane fanni ne kuma ya fi tsoka a can? Daga wata mai karatu a Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Aiki kam akwai shi, kuma kuɗin da aka faɗa wa ƙanenki bai yi kama da romon baka ba. Sai dai kusan duk tattalin arzikin wannan yanki a rataye yake a wuyan masana'anta guda, kuma wannan shi ne abin da ya kamata ku fahimta kafin ya ɗaure kaya.

Garden City ita ce hedikwatar gundumar Finney da ke kudu maso yammacin Kansas. A ƙidayar 2020 gundumar duka tana da mutum 38,470, kuma 28,151 daga cikinsu a cikin garin suke. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai ƙarancin ruwan sama. Abin da ya tashe ta shi ne ruwan da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa, wanda ake kira Ogallala. Da aka samu injinan zuƙo shi, daga baya kuma dogayen bututan ban-ruwa masu zagayawa a kan tayoyi, sai masara ta zauna. Masara ta jawo kiwon turke: a 1951 wani mutum mai suna Earl Brookover ya buɗe garken turka shanu na kasuwanci a Garden City, wasu suka bi sahu. Shanu kuma suka jawo mayanka. A 1980 kamfanin IBP ya buɗe katafariyar mayanka a Holcomb, ɗan ƙaramin gari da ke yamma da Garden City, wadda kamfanin Tyson ya gada bayan ya sayi IBP a 2001. Tana ɗaukar ma'aikata wajen 3,800, ana yanka shanu kusan 6,000 a rana. Ki auna: gundumar da jarirai da tsofaffi duka ba su kai 40,000 ba, a ce ƙofa ɗaya ce ke haɗiye mutum 3,800 kullum.

Dalilin da ya sa aikin ya bar birni ya dawo karkara yana da alaƙa kai tsaye da albashi. A da, manyan mayankun Amurka a birane suke, irin su Chicago, inda babbar karar shanunta ta rufe a 1971. Ma'aikatan wancan zamani ƙwararrun mahauta ne masu ƙungiyar ƙwadago mai ƙarfi, albashinsu ya ɗara na sauran ma'aikatan masana'antu. IBP ta zo da sabon salo: a kai mayanka kusa da shanu, a daddatsa naman a nan, a zuba a kwali a tura kantuna. Aka rarraba aikin mahauci ɗaya ga mutane da yawa, kowa da yankan da zai riƙa maimaitawa. Tunda ana iya koya wa sabon zuwa yanka ɗaya cikin ɗan lokaci, sai darajar ƙwarewa ta faɗi, albashi ya bi ta. Daga shekarun 1980 ladan aikin nama ya koma ƙasa da na sauran masana'antu, 'yan ƙasa suka riƙa guje masa, baƙi suka cike gurbi: 'yan Meziko da Amurka ta Tsakiya, 'yan Biyetnam, daga baya 'yan Somaliya da Bama. Annobar korona ta 2020 ta ɗan juya lissafin. Cutar ta yi ɓarna a mayanku, gwamnati ta ba da umarni a watan Afrilu na shekarar cewa kada a rufe su, ma'aikata suka yi wuya, dole kamfanoni suka ƙara kuɗi. Shi ya sa yau ake jin farashi irin wanda aka yi wa ƙanenki tayi.

Mu yi lissafi da alƙaluman da kika bayar. Dala 21 sau awa 40 ya kama dala 840 a mako, wato 43,680 a shekara in bai yi fashi ba. Mafi ƙarancin albashi a birnin New York a 2025 dala 16.50 ne, wato 660 a mako. Bambancin dala 180 ke nan kowane mako. Duk awar da ta haura 40 kuma doka ta ce a biya ta ninki ɗaya da rabi, ta zama dala 31.50. Daga ciki za a cire kashi 7.65 cikin ɗari na asusun fansho da lafiyar tsofaffi, a cire harajin tarayya da na jihar Kansas, a cire kasonsa na inshorar lafiya. Amma babbar ribar ba a takardar albashi take ba, a kuɗin haya take. Hayar ɗaki a Garden City ba ta kama ƙafar ta New York ba, ko da yake gidajen sun yi ƙaranci, har ma'aikata da yawa a gidajen tirela suke zaune. A ɗaya gefen kuma dole ya sayi mota, da inshorarta da man fetur ɗinta, don babu jirgin ƙasan ƙarƙashin ƙasa da zai kai shi Holcomb da asuba.

Kada kuma ya rikice in ya ji cewa mafi ƙarancin albashi a Kansas dala 7.25 ne kacal, daidai da na tarayya wanda ba a taɓa ba tun 2009. A gunduma irin wannan mayanka ce ke yanke farashin ƙwadago, ba doka ba. Mai gidan abinci ko mai kanti ya san in ya matse hannu yaransa za su tsallaka Holcomb, don haka shi ma sai ya ɗaga.

Game da fannin da ya fi tsoka, a nan ne mutane suka fi ruɗuwa da alƙaluma. Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka tana fitar da rahoto duk wata uku, gunduma-gunduma, fanni-fanni, da yawan ma'aikata da matsakaicin albashin mako. Yadda ake samo wannan matsakaici shi ne a tara duk kuɗin da aka biya a fannin, a raba da yawan masu aiki. Manaja da mai shara duk tukunya ɗaya aka zuba su. Ɗalibar da ke aikin awa 15 a mako a gidan abinci ana ƙirga ta mutum ɗaya, daidai da wanda ya yi awa 50. Shi ya sa kullum fannin otal da gidajen abinci ke zama a can ƙasa, kantuna na bi masa, ba don ladan awa kaɗai ba, har da ƙarancin awannin. Fannin lafiya kuma yakan fito da kyau a takarda saboda likitoci da manyan nas-nas sun ja shi sama, alhali mai kula da tsofaffi a gidan jinya ba lalle ta kamo mai riƙe wuƙa a mayanka ba. Manomi mai zaman kansa ba ya cikin rahoton sam. Sannan inda kamfani ɗaya ya mamaye fanni, hukumar takan ɓoye adadin don kada a gane sirrin kamfanin. Wato lambar da ƙanenki ya fi buƙata ita ce aka fi yiwuwa a sakaya.

Noma, wanda mu muke zaton shi ne aikin karkara, ba ya ɗaukar mutane da yawa. Iyali ɗaya da injinansu suna nome filin da a wajenmu sai an yi gayyar ƙauye guda. Garkunan turke da na madara suna ɗaukar leburori, amma akwai tarko: dokar tarayya ta ware ma'aikatan gona daga haƙƙin ninki ɗaya da rabi. Mutum zai iya yin awa 60 a cikin sanyi da ƙura a biya shi farashin awa na yau da kullum. Sababbin masana'antu kuma injin ya fi mutum yawa a cikinsu. Kamfanin garin madara da ƙungiyar Dairy Farmers of America ta buɗe a garin a 2017 ya ci ɗaruruwan miliyoyin daloli, amma ma'aikatan da ya ɗauka ba su kai ɗari ba. Sauran manyan masu ɗaukar aiki su ne makarantun gwamnati, da asibitin St. Catherine, da manyan kantuna irin su Walmart da Target waɗanda mutane ke tahowa daga nesa su yi sayayya. A ganina, ga wanda ba shi da digiri, inda kuɗi yake shi ne gyaran injina da wutar lantarki da na'urorin sanyi a cikin masana'antar, da tuƙin babbar mota, tunda shanu da masara da nama duk a kan titi suke tafiya.

Shi kansa aikin layi, wato jerin masu yankan nama a mayanka, ba wasa ba ne. Shanu 6,000 a zubi biyu na aiki ya kama kusan sa shida kowane minti. Ɓangaren yanka da fiɗa akwai zafi da jini da tururi, ɓangaren daddatsawa kuwa kamar cikin firji yake. Mutum na tsaye da ƙugiya a hannu ɗaya, wuƙa a ɗaya, safar ƙarfe a hannu, nama na tahowa ba ya jiran kowa. Makonnin farko yatsu sukan kumbura har ɓalle maɓallin riga ya zama aiki. Ciwon wuyan hannu da kafaɗa da baya shi ne abin da ke korar mutane, kuma shi ne asirin da ya sa kullum ake ɗaukar sababbi. Ƙarancin marasa aiki a gundumar gaskiya ne, yawancin shekaru adadin yana ƙasa da na ƙasar baki ɗaya, amma wani ɓangare na guraben nan mazaunin wanda jikinsa ya gaza ne.

Sai haɗarin da na fara da shi. Garden City ta taɓa samun manyan mayanku biyu. A daren Kirsimeti na 2000 gobara ta cinye ta kamfanin ConAgra, mutum wajen 2,300 suka wayi gari ba aiki, kuma ba a sake gina ta ba. Ƙidaya ta nuna sawun abin: gundumar tana da mutum 40,523 a 2000, ta koma 36,776 a 2010. A watan Agustan 2019 ita ma ta Holcomb ta kama da wuta, sai dai wannan karon kamfanin ya ci gaba da biyan ma'aikata, aka gyara, aiki ya dawo kafin ƙarshen shekara. Yanzu kuma matsalar shanun ce kansu. Fari da tsadar abinci sun sa garken Amurka ya ragu zuwa miliyan 86.7 a farkon 2025, mafi ƙanƙanta tun 1951. In shanu suka yi ƙaranci, abin da ake fara yankewa shi ne aikin Asabar da ƙarin awanni, wato daidai kuɗin da baƙo ke turawa gida. A watan Nuwamban 2025 Tyson ta sanar da rufe mayankarta ta Lexington a jihar Nebraska mai ma'aikata wajen 3,200, a garin da mutanensa ba su wuce 11,000 ba. Ruwan Ogallala ma raguwa yake yi, don ana zuƙarsa fiye da yadda yake taruwa, ko da yake wannan matsala ce ta shekaru masu zuwa, ba ta baɗi ba. Abin da ya ɗan sassauta wa Garden City shi ne akwai mayankun Cargill da National Beef a Dodge City, da wata ta National Beef a Liberal, kowanne tafiyar kusan awa ɗaya ce a mota.

Ta fuskar addini, shanu ake yankawa a Holcomb, ba alade ba, kuma akwai al'ummar Musulmi, galibi 'yan Somaliya, da wurin sallarsu. Ba zan ɓoye miki ba, a 2016 an kama wasu mutum uku da suka shirya tayar da bam a rukunin gidajen da Somaliyawan ke zaune, kotu ta ɗaure kowannensu shekara 25 ko fiye, mutanen garin da yawa kuma suka fito suka nuna suna tare da baƙin. Lokacin salla a kan layi shi ne abin da ya sha jawo rigima a wannan sana'a. A mayankar Cargill da ke Fort Morgan ta jihar Colorado an sallami ma'aikata Musulmi sama da ɗari a ƙarshen 2015 kan wannan batu, daga baya Cargill ta biya dala miliyan 1.5 a sasantawar 2018. Dokar kare haƙƙin jama'a ta Amurka ta 1964 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi sassauci gwargwadon iko don ibada, amma gara ya yi maganar tun ranar ɗaukar aiki.

Da ni ne ke ba shi shawara, zan ce ya tafi, muddin takardunsa na izinin aiki cikakku ne, amma ya je shi kaɗai tukuna. Kafin ya saki aikinsa na Bronx ya nemi a rubuta masa dala 21 ɗin nan a takarda, ya tambayi awa nawa ake lamunce wa ma'aikaci a mako ko da shanu sun yi ƙasa, da yaushe inshorar lafiya za ta fara aiki, da ɓangaren da za a saka shi. Ya samu ɗaki tun kafin ya hau hanya. Ku kuma a gida ku tsara abin da za a riƙa aiko wa Hajiya babba a kan albashin awa 40, kada ku saka ƙarin awanni a lissafi. Daga watannin farko ya leƙa kwalejin garin, Garden City Community College, ya ga kwasa-kwasan walda da gyaran injina, ko ya nemi lasin tuƙin babbar mota, don ya samu abin da zai sauka daga layi da shi cikin shekara biyu ko uku.