Amsa ga 'yar'uwar da ke son haɗa tarihin kakanta, tsohon sojan ruwa kuma mai kanti

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Allah ya jiƙan tsoho, ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashinsa. Na ga kin ce kakanku ya yi aikin sojan ruwa a ƙuruciyarsa, ya dawo garinku ya riƙe kanti har Allah ya karɓi abinsa, kuma kina son rubuta tarihinsa amma kin rasa ta inda za ki faro. Na kasa wucewa, domin sai na ji kamar labarin kawuna kike bayarwa. A hannunsa na tashi, ni ne yaron shagonsa tun ina firamare, kuma ya haura shekara 80 kafin ya rasu.

Da na tashi yin irin abin da kike son yi, kakin soja na fara bi. Na nemo takardar sallamarsa da lambarsa ta aiki da wani hoto da ya ɗauka a Apapa ta Legas cikin fararen kaya. Ke ma ki nemi waɗannan, su ne za su nuna miki shekarar shigarsa da ta fitarsa, sai ki san wane zamani ya riska. An kafa rundunar sojan ruwan Najeriya a 1956, kuma sai a 1964 ɗan ƙasa ya fara shugabantarta, wato Kwamado J.E.A. Wey. Idan kakanku yana cikin aiki tsakanin Yulin 1967 da Janairun 1970, to yaƙin basasa ya rutsa da shi. Sojan ruwa ne suka datse gaɓar teku, su ne kuma suka yi jigilar dakarun tarayya ƙarƙashin kwamandansu Benjamin Adekunle zuwa garin Boni a Yulin 1967, sannan Kalaba a Oktoba. Babban jirginsu a lokacin shi ne NNS Nigeria, wanda aka ƙera a Holan. Ki leƙa ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion da ke kusa da ku, musamman dab da 15 ga Janairu da ake tunawa da mazan jiya, ko Allah zai haɗa ki da wanda ya san shi.

Sai dai kada ki yi mamaki in kin tarar bai bar labari mai yawa a kan yaƙin ba. Kawu yakan ba mu labarin ranar da ya fara ganin teku, yaron da bai taɓa ganin ruwan da ya fi gulbin garinmu ba, da yadda ya yi ta amai a jirgi har ya yi zaton ajalinsa ne ya zo. Amma da zarar an ambaci Kalaba sai ya ce, "Allah kada ya maimaita mana," ya ci gaba da awon sukarinsa. Ban taɓa jin ya ƙara ko kalma ɗaya a kan haka ba, kuma ni ma da na zo rubutu ban ƙara masa ba.

Inda na same shi sosai shi ne a littattafan bashi. Bayan sadakar bakwai muka buɗe akwatinsa na ƙarfe, sai ga littattafan rubutu irin na 'yan makaranta an ɗaure su da igiya, kowanne da shekararsa a bango. Na farkon da fam da sule aka rubuta shi. Daga 1973 lissafin ya koma naira da kwabo, har a gefen wani shafi ya rubuta wa kansa cewa fam ɗaya naira biyu ne, sule ɗaya kwabo goma. Ba ya cika sa sunan mutum, sai dai ki ga "matar mai gyaran keke, kananzir kwalba ɗaya" ko "malamin firamare, madara da ganyen shayi, sai ƙarshen wata". Da wannan na gane wace shekara aka yi fari, domin bashin gero da garin rogo ya ninka, na kuma gane watannin da albashin malamai ya makara. Abin da ya sa ni kuka shi ne layukan da ya soke da jan biro, ya rubuta "na yafe" a gabansu. Suna da yawa ƙwarai, kuma ko matarsa ba ta san da su ba.

Ina tuna 1984, lokacin da madara da sukari da sabulu suka yi wuya har ake bin layi a kansu. Duk katan ɗin da ya samo daga birni, a bainar jama'a yake buɗe shi, gwangwani biyu ga kowane gida, mai kuɗi da talaka. Wani attajiri ya so ya saye duka da ƙarin farashi, kawu ya ce masa akwai masu jego a unguwa. A irin wannan ne na ga tarbiyyar soja a jikinsa, fiye da a hoton Apapa. Da an sallame sallar asuba ya buɗe shago, a yi shara, a goge sikeli, a jera gwangwanaye kowanne fuskarsa na kallon waje. Mudunsa a cike yake. In ya ce ƙarfe huɗu zai dawo, kana iya saita agogonka da shi.

Saboda haka ki fara da masu sayayya. Ki je wurin tsofaffin da ke zama a bencin ƙofar shagon suna jin rediyo tare da shi, da direban da ke kawo masa kaya, da matan da ke aiko yara da kwano. Ki nemi izininsu ki naɗi muryarsu a waya. In kakarku tana raye, ki bari ta fita takaba hankalinta ya kwanta, sannan ki zauna da ita sau da yawa, ba zama ɗaya ba. Kuma ki hanzarta da tsofaffin. Akwai wani abokin kawu da suka yi jirgi ɗaya, na yi ta cewa sai bayan damina zan je wurinsa, kafin a yi girbi aka aiko mana da rasuwarsa. Har yau abin yana damuna.

Idan kun samu littafin bashi, kada sunan kowa ya fita waje, sirrin mutane ne da ya rufa musu yana raye. Wanda bai soke ba kuwa haƙƙin magada ne, a kai wa malamin da zai raba gado. Mu dai da aka tara mu, kowa ya ce ya yafe rabonsa.

Kafin a taɓa kayan shagon, ki ɗauki hotonsa yadda ya bar shi, har da kujerarsa da sikelin. Mu ba mu yi ba, sai da aka kwashe komai muka tuna. Sikelin kaɗai na tsira da shi, yana nan a ɗakina. Allah ya kai haske kabarinsu, ya kyautata namu zuwan.