Tambaya da Amsa: Kakana ya ƙi yarda Sudan ta faɗi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Madani ne amma tun da 'yan Da'am Sari, wato dakarun RSF da ke yaƙi da sojojin Sudan, suka shigo gari a Disamban 2023 muka gudo Gadarif, har yau ba mu koma ba don gidan namu an yashe shi tas har ƙyaure. Damuwata kakana ne, ya haura tamanin, yana yaro Firaminista Azhari ya ɗaga tutar 'yancin kai a 1956, to kullum da safe yana kan angareb (gadon igiya) da jabanarsa (butar gahawa) a gaba sai ya ce mana Sudan ai yarinya ce, bari yaƙin nan ya ƙare ku ga. Wallahi raina ɓaci yake, ni da na bar jami'a nake tura baro a kasuwa. Tsufa ne kawai ko an taɓa yin wani babba da ya yi irin maganar nan cikin yaƙi kuma ta tabbata? Ɗanka daga Gadarif.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya mayar muku da alheri. An taɓa yi, kuma har na yi dariya da na ga saƙonka don maganar kusan iri ɗaya ce.

Benjamin Franklin, dattijon Amurka. A watan Maris na 1780 yana da shekara 74, yana zaune a Passy kusa da Paris a matsayin jakadan ƙasar da ko shekara huɗu ba ta cika ba da shelar rabuwa da Ingila, ya rubuta wa Janar Washington wasiƙa. Lokacin fa al'amura sun dagule, sojojin Washington sun sha wani mugun sanyi a Morristown ga yunwa ga kuɗin takardarsu ya zama kamar ganye, bayan wata biyu ma birnin Charleston ya faɗa hannun Ingila. Amma tsohon ya ce shi dai ya kusa tafiya, Washington ne zai ga ƙasar ta bunƙasa bayan yaƙi, ya kwatanta ta da gonar masara ƙarama da fari ya sa ta yi yaushi, sai hadari da iska da ƙanƙara suka zo suka kwantar da ita kamar shi ke nan, amma da gari ya waye ta miƙe ta yi shar fiye da da. Kai ɗan Jazira ne, yankin noma na Madani, ba sai na yi maka bayanin dawar da iska ta kayar ba.

Abin da nake so ka lura, Franklin ba zama ya yi yana fata kawai ba. Shi ya ƙulla ƙawance da Faransa a 1778, shi ke sintiri wurin fadawan sarki yana roƙon bashi da makamai da jirage, kuma yana cikin waɗanda suka sa hannu a sulhun Paris na 1783. Ya ma ga Washington ya zama shugaban ƙasa a 1789 kafin ya mutu a 1790.

Sai dai ba zan ruɗe ka ba, nasu yaƙin da Ingila ne, mai gida a ƙetaren teku, namu kuwa Burhan shugaban soja da Hamidati shugaban Da'am Sari ne, a kwano ɗaya suka ci jiya, irin wannan miki ya fi wuyar warkewa. Amurkar ma da ta bar maganar bayi ba ta gyara ba, a 1861 'ya'yanta suka koma kashe juna.

Kakan naka kuwa kar ka ɗauke shi mai ruɗin tsufa. Mutanenmu da suka taso daga ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi da Turawa a 1903 a ƙafa suka iso bakin Nilu, ba su da komai sai allo da buta, yau ga Mai Wurno nan gari guda, shi da irin wannan labarin aka yaye shi, kai kuma yaƙi ya tare ka da ƙuruciya, dole ku saɓa.

Gobe in ya ɗora jabana ka ja tabarma kusa, maimakon musu ka tambaye shi takardun hawashar ku, wato gonarku ta Jazira, suna wurin wa, da wa zai fara gyara magudanar ruwan in kun koma Madani. Ka gaida min Alhaji sosai.